Tsohon Mijin Yaya

Da zafi ya tsananta a bana, na kulle gidana na hau mota zuwa bakin teku, wurin ƙanwar matata. Auta muke ce mata, ko da yake yanzu tana da furfura da jikoki. Tun da aka binne yayarta ban taka gidanta ba. Na gaya wa maƙwabta hutu zan je, sai ka ce wanda ya yi ritaya yana da wata gajiyar da zai sauke.

Gaskiyar magana, ɗaki na je nema. A bayan gidan Auta akwai wani ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon ruwa, nan ake sauke mu ni da marigayiya duk shekara. Allah bai ba mu haihuwa ba. 'Yan'uwana na jini yawancinsu sun riga ni, waɗanda suka rage kuwa sai a waya, ita ma sai an yi rasuwa. Niyyata in roƙi Auta ta bar ni in ƙarasa kwanakina a ɗakin nan, in kawo littattafaina da butar shayina. Tun a hanya na tsara kalmomin roƙon, na gyara, na sake gyarawa. Aikina ke nan a maɗaba'a har idona ya yi rauni: gyaran rubutun mutane, cire waƙafi a nan, mayar da shi can, littafi ya fito da sunan wani.

A da, kafin in ajiye jaka Auta ta fara. "Ga mai gilashi ya iso! Yaya, har yanzu ba ki samu na kirki kin sauya ba?" Ni kuma in ce mijinta ne ya kamata a yi wa jaje. Haka muke yi har a kawo abinci.

Wannan karon ta tarye ni a bakin ƙofa, ta rusuna.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya hanya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Auta, kin ƙara ƙiba," na ce. "Ƙofar nan ta kusa kai ƙararki."

Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa majiyyaci. "Allah sarki, Malam. A kawo ruwa ko shayi?"

A ɗakin baƙi na gaba aka sauke ni, mai sabon zanen gado da furen roba a kan tebur. Da na zaga baya na leƙa ɗakinmu, sai na tarar da injinan kwale-kwale a jere kan gadon, an shimfiɗa musu buhuna, suna ɗigar baƙin mai. Mijin Auta makanike ne, shi ke gyara wa masunta injinansu. Mutumin kirki ne, irin kirkin da ba ya barin mutum ya zauna shiru.

Shi ya ɗauki nauyin nuna min gari, kamar ban taɓa zuwa ba. Kullum da safe sai ya cusa ni a tsohuwar motarsa. Ya kai ni tashar jiragen ruwa na kalli ƙarafa suna ɗaga akwatuna. Ya kai ni hasumiyar fitilar da ke nuna wa jirage hanya, na hau rabi gwiwata ta ce ba da ita ba. Ya kai ni wani tsibiri da babu kowa sai tsuntsaye da kashinsu.

"Malam, ka ga ikon Allah ko? Ruwa har iya ganinka!"

"Na gani. Jiya ma shi ka nuna min."

Ya bushe da dariya, ya daki sitiyari. Na karanta abin da marubuta suka faɗa a kan teku, shafi bayan shafi. Ban ga wanda ya ambaci ƙarnin ba.

Roƙona kuwa yana nan a bakina kamar ƙayar kifi. Duk lokacin da na buɗe baki a gida, sai Auta ta miƙo wani abu: ruwa, matashi, maganin sauro. Mutum ba ya iya roƙon wanda ke yi masa hidima haka. Ina jin ta san wannan.

Ranar da makanike ya ce za mu kasuwar kifi, Auta ta biyo mu don ta yi cefane. Muka ratsa tsakanin teburan siminti masu jiƙe, ƙasa duk ƙanƙara ta narke ta haɗu da jini. Ta tsaya wurin wata mai kifi da suka saba, mace mai faɗi da wuƙa a hannu.

"Maman yara, yau da 'yan rakiya? Wannan dattijon fa?"

Auta tana danna cikin wani kifi da yatsa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Tsohon mijin Yayata ne, Allah ya jiƙanta."

Na tsaya cak. Waɗannan kalmomi na san su. Da su ta fi tsokanata shekara da shekaru, don na girmi marigayiya sosai. Ta leƙo falo ta ce, "Ina tsohon mijin Yaya?" Ita kuma Yayar ta amsa daga kicin, "Tsoho dai na yarda, amma miji yana nan daram!" A lokacin tsufa ake nufi, furfura da ciwon baya. Don haka na zuba wa gefen bakin Auta ido, ina jiran ya motsa. Bai motsa ba. Ta faɗe shi ne yadda ake cewa tsohon shugaban makaranta, ko tsohon direban kamfani: wanda ya taɓa riƙe wurin, ya sauka. Na juya maganar a kaina yadda na saba juya rubutun mutane. Babu harafi ɗaya da zan iya gyarawa.

"Ayya," in ji mai kifi, tana kankare ɓawo. "Allah ya ba ku ladan zumunci. Wasu ai da an share makoki shi ke nan, ko gaisuwa."

Auta aka yi wa addu'ar, ni kuwa aka ba ni ledar kifin in riƙe.

Da la'asar makanike ya ajiye mu a bakin ruwa ya tafi duba injin wani. Muka zauna kan benci, ni a wannan gefe, ita a wancan, ledar kifi a tsakani. Yara suna ta gudu ruwa yana korarsu. Duk abin da na tsara ya watse.

"Auta, ɗakin nan na baya."

"Kai, Malam, ka leƙa? Wallahi kunya nake ji. Baban yara ya mai da shi juji."

"In an kwashe injinan, mutum zai iya zama."

"Wa zai zauna a nan? Sai dai sauro."

"Ni."

Ba ta yi mamaki ba. Ta gyara mayafinta, ta kalli ruwa, ta daɗe tana kallo.

"Ba ni da ɗawainiya," na ce. "Shayina ni nake dafawa. Surutu ma na daina."

"Ba wannan ba ne, Malam."

"To mene ne?"

"Ranar da ka iso, da ka shigo, ban rufe ƙofa ba. Ka lura? Ina tsaye ina jiran Yaya ta shigo da jakar hannunta tana mita ka baro ta a baya. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. In ka yi tari a ɗaki, sai in kasa kunne in ji ta ce ka sha ruwa." Ta share hanci da bakin mayafi. "Na kwana biyu zan iya daurewa. Na kullum ba zan iya ba. Ka yafe ni."

Da ta ce mijinta ne ba zai yarda ba, ko mutane za su yi magana, da na san abin da zan ce. Na tanadi amsa ga waɗannan tun a mota.

"Shi ke nan," na ce. "To ki zage ni mana, ko sau ɗaya, in san na zo gidanki."

Ta juyo ta dube ni, karo na farko tun zuwana.

"Ai ba don kai nake yi ba, Malam. Don ta yi dariya nake yi."

Washegari na ce likita yana jirana a gida. Babu wanda ya tambayi wane likita. Auta ta aiko jikarta ta ce kanta na ciwo, a gaishe ni, Allah ya tsare hanya. Makanike ya kai ni tasha, yana ta lissafa wuraren da ba mu je ba, akwai wani kogo, akwai inda kogi ke shiga teku.

"Baɗi in Allah ya kai mu ka dawo, Malam. Gida ai gidanka ne, ka zo ka yi mana kwana biyu."

Na ce to. Ya ɗora min jaka, ya girgiza hannuna da hannu biyu, ya tafi da sauri don masunta na jiransa.

Na samu wuri kusa da taga na zauna. Kwandasta ya zo ya dubi kujerar da ke gefena.

"Baba, akwai mai wurin nan?"

"Babu."

Ya ɗauko buhun gishirin wata mata ya ɗora a kai, ya ce in riƙe masa kada ya faɗo in an sha kwana.