Yatsan Balki a Gilashin Nibo

Isaka mai shimfiɗa karo ne, wato tayil na daɓe, kuma duk shantiyen gini da ya shiga a unguwar Koira Kano an san halinsa: zai iya ɓamɓare aikin yini guda saboda karo ɗaya ya ɗaga kai. Yana da nibo na lazer, ƴar na'urar auna daidaito mai ƙaramin gilashi a baki. Gilashin nan ne ke karɓar ɗigon haske ya shimfiɗa shi ya zama jan layi miƙaƙƙe a bango, ko'ina haskensa ɗaya. Sai dai layin Isaka yana da wani wuri, kamar faɗin tafin hannu, inda hasken ke dusashewa. Magina sun yi ta tsokanarsa, wai mai gyara wa mutane daɓe ya kasa goge gilashinsa. Shi dai ya kan ce ya saba da abinsa haka.

Wurin nan aikin Balki ne, ƴarsa guda ɗaya. Wata safiya ta gama cin farimasa, soyayyen fanke, hannu duk mai, ta dangwala yatsa a gilashin don ta ga ko jan hasken zai fito ta farcenta. Isaka ya yi dariya ya ce zai goge in ya dawo. Kafin ya tuna, zazzaɓi ya kama ta, makon bai ƙare ba aka kai ta makwancinta.

Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Mariyam, don yana ganin nata kukan ya ishe ta. Kullum in ya kunna nibo ya ga wurin nan ya dusashe, sai ya ji kamar yarinyar ta biyo shi aiki. Ko ƙura ce ta hau gilashin, hurewa kawai yake yi.

Ran nan Zubairu magini ya biyo ta gidansu a unguwar Banifandou, ya sake wannan zolaya a ƙofar gida, Mariyam kuwa tana ji. Abin ya yi mata zafi, a ce mijinta ake yi wa dariyar ƙazanta tana raye. Washegari yana wanka ta buɗe akwatin nibon, ta hura wa gilashin numfashi, ta murje shi tas da bakin mayafinta.

Da ya fito ya kunna nibon don ya duba batir. Layi ya miƙe a bangon ɗaki, ja wur, daga kusurwa zuwa kusurwa, ba inda ya rage. Ya juya na'urar, ya sake juyawa, yana neman wurin. Babu.

"Baban Balki, ka ga yadda ya yi kyau? Na goge maka," in ji Mariyam.

Ya zauna a bakin gado. Ya so ya ce ya gode ya fita, amma bakinsa ya ƙi.

"Yatsanta ne," ya ce. "Ranar farimasa."

Mariyam ta dubi bangon, ta dubi bakin mayafin da ke hannunta. Ga baho can a tsakar gida, ta riga ta zuba omo, mayafin na cikin kayan da ta yi niyyar wankewa ranar. Ta cire shi a hankali, ta ninke ɓangaren da ta yi gugar ya koma ciki, ta sa shi ƙarƙashin rigunan Balki. Sannan ta zo ta zauna kusa da mijinta, suka yi ta kuka, layin na nan a bango ba wanda ya tashi ya kashe.