Anten a Tsakiyar Ƙarfe

Na'urar awon wat, wato ƙarfin da rediyo ke fitarwa, naɗin waya, igiyar hawa, gorar ruwa. Abin da Misbahu ya ɗaure a bayan motonsa mai ƙafa biyu ke nan, yana keta rairayin gabas da Mayahi. An turo shi duba wani gidan rediyon karkara da muryarsa ta daina kaiwa garin Attantane.

Malam Auta, diraktan gidan, ya tare shi tun daga bakin ƙofa.

"Injiniya, kada ka wahal da kanka. Laminu ne, mai kula da na'ura. Rage ƙarfin yake yi, don ya yi faɗa da mutanen can. Kai dai ka shaida, in sallame shi."

Misbahu ya kwance na'urar awo daga bayan moto. Mutumin da ya san mai laifi tun kafin a auna, shi ma abin aunawa ne.

Laminu na tsaye a ɗakin na'ura, ya ƙi haɗa ido da kowa. Misbahu ya jona awo. Wat ɗin da ke fita cikakke ne. Ya bi wayar da hannu har waje, babu tsaga, ruwa bai shige ta ba. Sai ya ɗaga kai. Anten, wato eriyar rediyon, tana ɗaure a tsakiyar dogon ƙarfen da ke ɗauke da ita, daidai kan bishiyoyin bedi, wato dogon yaro, saman ƙarfen kuwa fayau.

"Wa ya sauko da ita?"

"Iska," in ji Malam Auta da sauri.

"Iska ta iya ɗaurin noti haka? Ku ba ta aiki mana."

Laminu ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, daga can sama ana hango tsakar gidan Alhaji Sanda. Duk hawa sai an aika iyalinsa su shige ɗaki. Ya gaji, ya yi wa dirakta magana. Surukinsa ne."

"Rufe mini baki!" in ji Malam Auta.

"Malam," in ji Misbahu, "ƙarfin yana fita, bishiya da tudu ke shanye shi. Anten tsawo take so."

"To ka ƙara wat, ka bar ta nan. Laminu kuma ya tafi."

Misbahu ya ja Laminu cikin ɗakin na'ura, ya tura ƙofa ta rufe a fuskar dirakta.

"Je ka gidan Alhaji ka yi sallama, ka ce a shige ɗaki," in ji shi. "Yanzu zan hau. Kai kuma ba inda za ka."