Giɓin Hular Nijma

Saura kwana uku a yi lallen Jumana aka buɗe tsohon akwatin katakon da ke ɗakin kakarta, Hajja Zarifa. Intisar, uwar amarya, ita ta zura hannu har ƙasa ta zaro hular, ta ɗaga ta a hasken taga, ta ja tsaki.

Hular amare ce irin ta ƙauyukan Ramalla a ƙasar Falasɗinu, wadda ake jera wa sulallan azurfa a goshi daga kunne zuwa kunne. Ɓangaren dama cike yake fam. Na hagu kuwa, wajen tafin hannu guda, babu komai sai guntayen zare a tsaitsaye kamar gemun kwana uku.

"Hajja, na sayo na cikewa a kasuwa," in ji Intisar, tana kwance wani ƙullin leda. "Ba azurfa ba ce, amma wa zai sa haƙori ya gwada? Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma ni ce uwar ɗiyar."

"Ki bar ta yadda take," in ji Zarifa.

"A kan wane dalili? Dangin ango su zo su ga 'yata da giɓi a goshi, su ce ko hular gado ba mu iya adanawa?"

Zarifa, mai shekara tamanin, ba ta taɓa rasa amsar surukarta ba, har wadda ba a tambaye ta ba tana bayarwa, amma yau sai ta shiga gyara zaman mayafinta. Intisar ta aje hular da allura a cinyar Jumana, ta ce a gama ɗinkin kafin jibi, ta fita duba shinkafar biki.

Hular ta Nijma ce, mahaifiyar Zarifa, kuma duk ƙauyen an san labarinta, wato an san ƙaryar. Cewa ake Nijma ta yi sakaci ta zubar da sadakinta a hanyar rijiya. Har ta mutu wasu tsofaffi Nijma mai giɓi suke kiranta in ta ba da baya.

Gaskiyar kuwa, Zarifa kaɗai aka faɗa wa, tana 'yar shekara goma sha biyar, a bakin tanderun gurasa. A shekarar da aka yi wa Turawan Ingila tawaye, mazan ƙauyen sun hau duwatsu, kuma ba sa ɗaukar wanda ba shi da bindiga. Shakir, mijin Nijma, ba shi da ita, ba shi da abin saye. Ya zauna a gida yana kallon bango, abinci ma ya daina ci. Nijma tana amaryar wata biyar ta ɗauki almakashi ta yanke sulallan, ta ɗora kwandon ɓaure a ka kamar mai zuwa talla, ta yi tafiyar yini guda zuwa wurin wani makiyayi mai sayar da bindiga a gangaren Yariko. Ta dawo da bindigar cikin damin itacen inabi a kanta, ta ratsa ta gaban sojoji har sau biyu. Daga baya ma ita ke kai wa mazan gurasa da harsashi a ƙarƙashin toka.

Da aka tambayi Shakir inda ya samo bindiga, sai kunya ta kama shi, ya ce sansa na huɗa ya sayar. Nijma ta ji, ta yi shiru. "Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba," haka ta ce wa 'yarta. "Muddin ubanki na numfashi, kada in ji wannan a bakinki."

To, Shakir ya shekara ashirin da biyar a kabari, Nijma ma ta riga shi. Alkawarin ya daɗe da cika, amma Zarifa ba ta yi magana ba, saboda ƙanenta Abu Hazim.

Kamar an kira shi, sai ga sandarsa tana ƙwanƙwasa dakalin ƙofa. Ya zauna a ƙarƙashin hoton mahaifinsu, wanda ke riƙe da bindigar a kan gwiwa, ya karɓi gahawa, ya hango hular a cinyar Jumana.

"Allah ya jiƙan Yamma," ya ce, yana nufin uwarsu. "Mace ta gari, amma hannunta rariya ne. Baba kuwa! Jumana, na taɓa ba ki labarin san nan?"

"Sau ɗari, Kaka."

"To ga na ɗari da ɗaya. Jan sa ne mai farin goshi, sunansa Antar. In ya ja garma, ƙasa har kuka take yi."

"Bara baƙi ne," in ji Zarifa.

"Yaya, ke ina kika san sa? Kina bakin tanderu."

"Kowace shekara ƙiba yake ƙarawa. Ka yi hankali, baɗi ba zai shiga ta ƙofar nan ba."

Ya yi dariya har da tari, ya ci gaba da labarinsa. Zarifa ta zuba masa ido, tausayinsa ya kama ta. Ta tuna shekarar da ya tashi aure, dangin yarinyar suka nemi abin da gidan ba shi da shi. Ranar ya tsaya a tsakar gida, yana ɗan shekara ashirin da biyu, ya daka wa uwarsa tsawa: da ba ki zubar da arzikinmu a hanyar rijiya ba, da ban wulaƙanta ba. Ya buga ƙofa ya fita. Bai taɓa ba ta haƙuri ba, don a ganinsa gaskiya ya faɗa. In yau ya ji inda sulallan suka tafi, wa zai je ya roƙa gafara? Wannan ne ya ɗaure bakin Zarifa duk shekarun nan.

Bayan ya tafi, Jumana ta zare allura, ta kai ledar kusa, sai ta tsaya. Ta kai hular daf da idonta.

"Sitti," ta kira kakarta. "Abin da ya zube a hanya zarensa tsinkewa yake yi, wani dogo wani gajere. Waɗannan duk tsawonsu ɗaya. Almakashi ne."

"Ke dai ɗinka abin da aka ce ki ɗinka, uwar iyayi."

"Na rantse ba zan soka allura ba sai kin gaya mini. In ba haka ba in gaya wa Mama ke ce ke satar kunafa mai zaƙin nan daga firji, da ciwon sukarinki."

"Ja'ira! Allah ya haɗa ki da suruka mai kunnen zomo."

Amma ta faɗa mata. Ta faɗi kwandon ɓauren, da damin itacen, da sojojin, muryarta a kwance kamar mai ba da labarin girki. Da ta zo kan abin da Abu Hazim ya faɗa wa uwarsu ne kaɗai ta ɗan sarƙe. Jumana ta daɗe tana shafa guntayen zaren da yatsa.

"In na cike wurin nan, Sitti, shi ke nan, babu sauran abin da ya rage mata a duniya da zai ce ta yi."

"Na sani."

"Ni dai haka zan sa ta. Sauran kuma naki ne."

Ranar lalle, bayan la'asar, mata suka cika falo, maza suka zauna a waje ƙarƙashin rumfar inabi, tagogi a buɗe. Aka fito da amarya cikin rigarta mai jan ɗinki, hular a kanta. Intisar, wadda ta yi faɗa har ta gaji, ta jawo farin mayafin amarya ta rufe ɓangaren hagu ta soke shi da fil. Da rawa ta yi zafi fil ɗin ya zame.

Gwaggon ango, mace mai ido kamar na mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ta leƙo ta ce da ƙarfi, "Af, wannan ba hular Nijma mai giɓi ba ce? Ashe har yau ba a cike ba?" Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Intisar ta sunkuyar da kai.

Zarifa ta dubi gwaggon ango. Shekara talatin da binne Nijma, kuma har a bikin tattaɓa-kunnenta ba za a bar ta ta huta ba? Ta waiga taga, ta hango farin rawanin ƙanenta. Ta ce a ranta, ka yafe mini, ɗan uwana. Ta dafa kafaɗar wata ta miƙe, ta ɗora hannu a gefen baki yadda tsofaffi ke yi in za su yi wa amarya kirarin nan da ake farawa da kiran "awiha", falon ya yi tsit.

"Awiha, ku dubi hagun goshin amaryarmu!
Awiha, ba rijiya ba ce ta ci, ba sakaci ba ne!
Awiha, Nijma ce ta yanke da hannunta, ta sayo bindigar Shakir!
Awiha, a kanta ta ɗauko ta cikin itace, ba sa, ba jaki!"

Nan ne ya kamata guɗa ta tashi, amma babu wadda ta motsa. Sai wata tsohuwa daga lungu, wadda ita ma uwarta ta yi irin wannan tafiyar, ta saki guɗa da muryarta mai rawa, sauran suka ɗauka har gilashin taga ya amsa.

Ba a gama ba aka ji sanda a bakin ƙofa. Abu Hazim ne, tsaye a inda maza ba sa tsayawa. Mata suka dare masa. Ya tako a hankali har gaban Jumana, ya kai yatsa ya taɓa guntayen zaren, ɗaya bayan ɗaya.

"Ina yaro na yi ta neman turken san nan a bayan gida," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba. "Ban taɓa ganinsa ba." Ya juyo ga yayarsa. "Yaya, ranar nan da na buga ƙofa na fita, me ta ce?"

"Ta ce a rufe maka gurasarka kada ta huce."

Tsohon ya yi kuka, kuka sosai, a gaban matan ƙauye da baƙi, bai ko ɓoye fuska ba. Zarifa ma ta yi, amma wani nauyi da ta ɗauka tun tana budurwa ya sauka daga ƙirjinta, har ta ji kunyar sauƙin da ta samu.

Intisar ta matso da fil za ta mayar da mayafin, don dai hannunta ya sami abin yi. Abu Hazim ya riƙe hannun a hankali, ya ture mayafin baya da kansa. Sannan ya kama hannun amarya, lallen bai ko bushe ba, ya ja ta zuwa ƙofar da ke kallon rumfar inabi, ya juya ta yadda hagunta zai fuskanci maza.

"Ku matso," ya ce musu, yana share fuska da gefen rawani. "Labarin nan da na shekara hamsin ina ba ku, babu sa a cikinsa. Sunanta Nijma."