Buhu Na Uku

Buhu biyu na albasa suna kan Maccido lokacin da Yari, babban dillalin albasa a kasuwar Goronyo, ya ce a kawo na uku.

Shekaranjiya motar majigi ta En'e, hukumar gargajiya, ta sauka a ƙofar hakimi. Bayan hoton haƙa masai da na kashe sauro, aka sa wani na zane: ƙaton mutum da mayafi a kafaɗa, yana tashi sama kamar shirwa, ya tare jirgin ƙasa da ƙirji, ya ɗaga gadar da ta karye. Tafintan majigi ba ya bin Turancin. Al'adarsa ce ya raɗa wa na cikin hoton sunan wani ɗan garin, kuma Maccido ne ya sauke masa injin wuta daga mota. Duk tsallen da mai mayafin ya yi, sai lasifika ta ce ga Maccido nan ya taso.

Shekara ashirin yana dako, ba a taɓa kiran sunansa ba sai in da kaya a ƙasa. Ya so hoton nan tsakani da Allah. Ya gaya wa 'yan'uwansa 'yan dako cewa wanda ya zana shi ya san aiki, don mutumin sai ya lanƙwasa gwiwa kafin ya ɗaga, bayansa a miƙe, kuma yana sauke mutane a hankali kamar ƙwai. Suka tayar masa da zancen sau huɗu, suna ƙyafta wa juna ido. Bai lura ba.

Yanzu kasuwa ta kewaye shi. Ya ce wa Yari, cikin ladabi, biyu ne iyakarsa, har bakin jirgin kwale-kwale da nisa.

"Kai da kad ɗauki gada, mi na buhu ukku?" in ji Yari. "Ko Bature ƙarya shi kai?"

Aka yi dariya. Yari ya ƙara da cewa in bai ɗauka ba, daga yau kayan rumfarsa na wani ne. Maccido ya dubi fuskokin. Wasu cikinsu tare suka yi kaciya.

"Ku aza, Alhaji."

Mutum huɗu suka aza. Ya lanƙwasa gwiwa, ya miƙe bayansa, ya tashi. Kasuwa ta zuba ido, har mai fura ta tsaya da damu. Ya yi taku bakwai. A na takwas wani abu ya ba da ƙara a ƙugunsa, kamar an taka kara busasshe, sai ga albasa tana gangarawa cikin ƙafafun mutane.

Wani daga baya ya ce masa ya tashi sama mana. Kaɗan ne suka yi dariya. Yari ya sa a tsince masa kayansa kafin awaki su zo, aka ja Maccido inuwar rumfa. Yana jin hayaniya sarai, amma ƙafafunsa kamar na wani.

Ƙasimu, wanda aka ba ragowar dakon, ya tsuguna kusa da shi ya yi masa sannu. Ya ɗan jira. Sannan ya tambaya ko zai ara masa gammonsa, tunda yau ba ya bukata.