Fastar da ke Ƙarƙashin Ruwa

Maharazu ya jingine babur a bakin gonar Jaji, ya fara kwance ɗaurin tsofaffin fastocin leda da ya kawo daga shagonsa na Kura. Shi ke zana su a kwamfuta, shi ke buga su, kuma da an gama biki ko taro shi ke bi yana karɓowa. Ya tsani ya ga aikinsa ya toshe kanal ko ana ƙona shi a juji. Sai ya riƙa raba wa manoman rani, suna shimfiɗawa a hanyar ruwa don kada yashi ya shanye ruwan kafin ya kai shuka.

"Malam Maharazu, zo ka ga aikinka," in ji Jaji, dattijon Bunkure mai gonar albasa. "Yau layinmu ke da ruwa, wallahi ko ɗigo ba ya ɓacewa."

Maharazu ya bi shi yana dariya. 'Yan takara da amare duk suna kwance a ƙarƙashin ruwa, rana ta cinye musu fuska. Can sai idonsa ya sauka a kan wata fuska da ba ta koɗe ba.

Bilkisu ce. 'Yarsa, cikin farin hijabi, tana murmushin nan nata na gefe guda. Fastar da ya buga mata ce ranar da ta gama sakandare, kafin zazzaɓi ya ɗauke ta da damina. Tun daga lokacin ya naɗe ta ya cusa a ƙasan tarin shago don ba ya iya kallonta. Ashe da hannunsa ya ɗaure ta cikin kayan da ya kawo wancan zuwan.

Ruwa na bi ta kanta, leɓɓanta kamar suna motsi. Tsoro ya kama shi, da wata irin kewa mai zafi.

"Wannan ita ce gwanar," Jaji ya ce. "Sauran duk sun koɗe, ita ko kamar jiya aka yi ta."

To, ina za ta koɗe? Tawadar da ta fi kowacce ƙarko Maharazu ya je har Kano ya nemo mata.

"Baba, 'yata ce. Ta rasu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Jaji ya yar da fartanya ya faɗa cikin ruwan. "Ka yafe mini, ɗana, ban sani ba. Ai yanzu za ta fito."

Ya ture dutsen da ya danne gefen fastar, ya ja. Nan take gaɓar ta fara zubewa, ruwa ya karkata cikin yashi. A ƙasa, albasar da ta yi yaushi tana jira, kuma idan ruwan yau ya wuce sai wani zagayen.

Maharazu ya riƙe hannun dattijon.

"Bar ta, Baba."

"Haba, Malam! Ta yaya zan—"

"Bar ta sai an cire albasa."

Da kansa ya mayar da dutsen. Bai koma wajen babur ba. Ya naɗe wando ya tsuguna cikin ruwan, ya sa tafin hannu ya share lakar da ta rufe mata ido ɗaya. Ruwa ya kawo wata. Ya sake sharewa.