Ranar da Kyankyasaina Suka Haihu

Da Fo Dodzi zai tafi Libreville neman aiki, ya bar mini ɗakinsa na unguwar Adidogome a Lome, da damo guda, da wata babbar roba mai murfi.

Yayana ne, abin da "Fo" ke nufi ke nan a yarenmu, mu biyu kaɗai mahaifiyarmu ta bari. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma tun tasowata ban san shi da hira ba. Ya daɗe yana aiki a wata gona a bayan Lome inda ake kiwon macizai da ƙadangaru ana kaiwa Turai, har ya fi sabawa da abin da ba ya magana. Ni ma bakina da nauyi. Idan muka zauna cin akume, tuwon masararmu, rediyon maƙwabta ne ke yi mana hira.

Damon ƙarami ne, masu saye sun ƙi shi saboda wutsiyarsa ta guntule. Fo Dodzi ya kawo shi gida ya raɗa masa suna Darakta, wai don ba ya aikin komai sai kwanciya ƙarƙashin fitila yana jiran a kawo masa. Robar kuwa kyankyasai ne a ciki, manya, masu sanyin tafiya.

"Ba irin na bayan gida ba ne, daina yamutsa fuska," in ji shi. "Waɗancan sun sha maganin ƙwari, in Darakta ya ci ɗaya sai gawarsa. Waɗannan ba sa tashi, ba sa iya hawa roba. Ki ba su ɓawon gwanda da abincin kaji. Amma kada ki ba Darakta ko ɗaya sai sun haihu, in ba haka ba kin cinye iri."

"Kafin nan me zai ci?"

"Gyare, dodon koɗi, abin da kika samu. Zan riƙa kira."

Ban ɗauka da gaske yake ba. Duk zamana a jami'ar Kara bai taɓa kirana ba sai ranar da Mama ta rasu. Amma Lahadin farko, na dawo daga coci ko takalmi ban cire ba, waya ta yi ƙara.

"Akofa, sun haihu?"

Haka kowace Lahadi take farawa, babu gaisuwa. Ni kuwa sai na wuni mako ina tara tambayoyi. A ɗakin gwajin ruwa inda nake aiki, ni da kwalabe ne daga safe har la'asar, to a nan nake shirya su. Cinnaku sun gano robar, yaya zan yi? Ya ce in tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa. Abincin yana fumfuna? In rage gwanda. Daga amsa sai ya zarce da labarin mai gidan hayarsa, ko tsadar doya a can. Ban taɓa sanin yana da dariya mai ƙarfi haka ba.

Kyankyasan suna son kiret ɗin ƙwai na kwali, a cikin ramukansa suke ɓuya. Wajen Da Massan mai ƙwai a bakin kasuwa nake karɓo tsofaffi; "Da" muke ce wa macen da ta girme mu.

"Ke 'yar boko," ta ce da ni wata rana, "kullum kiret, ƙwai ko ɗaya babu. Kwalin kike dafawa?"

"Kiwo nake yi, Da."

"Kiwon me?"

"Ƙananan dabbobi."

"Ƙanana yaya? Suna da nama?"

Na ce babu. Ta kalli maƙwabciyarta mai tumatir, suka tuntsire da dariya. "Allah ya ba ki miji mai cin kwali, ƙanwata."

Na yi murmushi na rungumi kiret ɗina. Sai da na hau babur amsar da ta dace ta zo mini, kamar kullum.

Idan na dawo aiki, robar nake fara buɗewa. In ɗaga kiret ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Na gane maza, masu dogon fiffike da rawar jiki, na gane mata, baƙaƙe masu sheƙi. Akwai wata mai guntun gashin baki da kullum take zama ita kaɗai a kusurwa. Kafin in ci abinci in sake buɗewa, bayan na ci ma haka. Damina ta yi nisa, ba haihuwa. Sai dai wasu abubuwa rawaya, dogaye kamar ƙwayar wake, da nake tsinta a ƙasan robar sun bushe.

Na kwatanta wa Fo Dodzi su a waya.

"Sau nawa kike buɗe su a rana?"

"Ba da yawa ba."

"Akofa."

"Ina dai duba lafiyarsu."

"Ungozomarsu ce ke? Ƙwansu ne kike tsinta! Macen a cikinta take riƙe shi, in aka dame ta sai ta zubar. Ki rufe, ki tura lungu, ki manta da su. Duk karatun nan naki, an ce ki bar abu ya huta kin kasa."

Ya yi ta tsokanata har katinsa ya ƙare. Ranar ce muka fi daɗewa muna magana tun da aka haife ni.

Bayan ya kashe na zauna a bakin katifa ina kallon robar. Ranar da suka haihu, tambayoyina za su ƙare, kiran Lahadi ma haka. Kuma yanzu na san abin da zai hana su haihuwa: ɗaga murfi kawai, babu wanda zai sani. Sai na juya wajen Darakta. Ruwan sama ya fara ɗaukewa, gyare ya yi wuya, dodon koɗi ya shige ƙasa. Fatar gindin wutsiyarsa ta fara naɗewa. Yana kwance yana kallona da ido ɗaya, haƙurin damo.

Na ɗauko tsohon zanen Mama na lulluɓe robar, na tura ta ƙarƙashin tebur. In zan sa musu abinci sai in ɗaga gefen murfin kaɗan, in kau da kai.

Wata Asabar da safe na je canza gwanda, sai na ga kamar an watsa shinkafa a kan kwalin. Shinkafar tana motsi. Farare fat, ƙanana, sun yi cincirindo a ƙarƙashin wata uwa. Na daɗe a tsugune da waya a hannu. Daga baya na ɗauki hoton na tura masa.

Amsarsa ta zo da murya, ana jin ƙarar inji a bayansa. "Kai! Ƙanwata ta gama koyon sana'a! Saura bikin sallama, a zuba miki hoda a ka, a ba ki takarda. Yanzu ki fara ba Darakta mazan, ki bar matan. Shi ke nan, daga nan su za su riƙe kansu."

Lahadi ta zo, wayar ba ta yi ƙara ba. Ta gaba ma haka. Darakta ya murmure, har ya fara huci in na makara. Robar ta cika, in ɗaki ya yi tsit ana jin motsinsu kamar yayyafi a kan kwano. Komai na tafiya daidai, babu abin tambaya.

Wata Lahadi na wanke kwanon da na ci abinci, na goge hannu, na kira shi da kaina. Ta daɗe tana ƙara.

"Akofa? Me ya samu Darakta?"

"Lafiyarsa lau."

"Cinnaku ne?"

"A'a."

"To me ya faru?"

"Babu komai, Fo. Na kira ne kawai."

Ina jin wata mata tana talla a can, da wani yare da ban sani ba. Na nemi abin da zan ƙara, ban samu ba. Shi ma ya yi gyaran murya kamar zai yi magana, ya fasa.

"To," ya ce can.

"To," na ce.

Bai kashe ba. Na gyara zama a bakin katifa, na mayar da wayar ɗaya kunnen.