Ƙofar Kabad da 'Ya'yan Gada

Shekara arba'in tsohuwar ungozoma ta yi tana karɓar haihuwa a ɗan ɗakin da ke gindin gada kafin ta yi ritaya, yanzu kuma wai za a rushe shi a yi wurin ajiye motoci. Motoci fa! Majalisar gari ta ce ɗakin ba shi da wani tarihi. A allon da suka kafa na cikar gada shekara hamsin kuwa, sun rubuta cewa ranar da aka buɗe ta aka yanke ƙyalle, aka kunna fitilun titi, aka haifi jarirai bakwai da ake kira 'ya'yan gada, "a babban asibiti".

Wannan ƙaryar ce ta ƙona mata rai. Ranar an tare hanya saboda manyan baƙi, babu mai naƙudar da ta haye zuwa asibiti. Duk bakwai ɗin a hannunta suka faɗo. Magatakarda ya kulle rajista ya tafi kallo, sai ta rubuta su da fensir a cikin ƙofar kabad ɗin magani.

Da ta ji batun rusau, da hantsi ta kwance ƙofar, 'yarta ta kama mata har zauren majalisa.

"Iya, ba yau muke sauraron koke ba," in ji shugaban majalisa.

"Ranka ya daɗe, ba koke na kawo ba, karatu na kawo."

Ta gyara tabarau, ta fara karanta rubutun ƙofar. Ta farko mace, ita ce alƙaliyar gari yanzu. Na biyu da na uku tagwaye. Ta tsaya a na biyar.

"Namiji, ƙarfe sha ɗaya da kwata. Uwarsa mai ɗinki. Yatsa shida a hannun hagu, na ɗaure na shidan da zare. Ya yi mini fitsari a fuska."

Shugaba ya kalli ɗan tabon da ke gefen ƙaramin yatsansa, wanda mahaifiyarsa ta rasu ba ta gaya masa asalinsa ba. Dariya ta ƙwace masa, hawaye na biye.

"Iya, ki yafe mini."

"Na fitsarin na yafe tuntuni, ɗana. Na ɗakin ne ban yafe ba."

A take aka soke rusau, aka ce a gyara allo. Daɗi ya cika ta har tana jin ƙafafunta sun zama sababbi. Shugaba da kansa ya saɓa ƙofar a kafaɗa zuwa gindin gada, ita kuma tana gaba tana masa faɗa kada ya goge mata fensir da rigarsa.